Gejin tiyo ko gejin waya: wanne ya dace da a-kori-kura mai shan gas a Legas?

Duk wanda yake da a-kori-kura mai shan gas, wato dizal, a Legas, ko Hilux ce, ko L200, ko D-Max, ya san motar ba ta da ranar hutu. Da asuba tana Mile 12 ana loda mata buhunan albasa da kwandunan tumatir, da hantsi tana tsaye cikin cunkoson titin Ikorodu injin yana aiki babu iskar da ke ratsa lagireto, wani mako kuma ta kama hanyar Ibadan ta miƙe Arewa da kayan da suka fi abin da kamfani ya ƙayyade mata. A duk wannan wahalar, agogunan da suka zo a dashbod ba sa gaya wa direba abin kirki. Allurar zafin ruwa a yawancin motocin zamani an tsara ta ne ta zauna a tsakiya, ba ta motsi ko da zafin ya hau ya sauka, sai al'amari ya kusa ɓaci sannan ta zabura zuwa ja. Fitilar baƙin mai kuwa ba awo take yi ba, makunni ne kawai da yake kawo wuta idan ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar (bar ma'aunin ƙarfin matsi ne), kuma injin da ke gudu a kan babbar hanya da irin wannan ƙarfin mai ya riga ya fara cin metal ɗinsa. Ihu ne bayan hari.

Wannan ne ya sa masu mota da yawa suke ƙara geji na daban, kuma da zarar mutum ya shiga kasuwar Ladipo ko ta Owode Onirin neman su, tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce, wane iri yake so. Iri biyu ne. Akwai wanda ake jawo masa abin da zai auna har cikin mota ta siririn tiyo, iska ce ko mai, ya tura allura da ƙarfinsa ba tare da taimakon batir ba. Akwai kuma wanda ake ɗaura masa sensa a jikin inji, ita ce take awon, sai ta aiko da saƙo ta waya zuwa agogon da ke gaban direba. Don sauƙin magana zan kira na farko gejin tiyo, na biyu kuma gejin waya.

Gejin tiyo tsohuwar fasaha ce. Abin da ke cikinsa lanƙwasasshen bututu ne na tagulla mai toshe a baki ɗaya, wanda wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ya yi wa rajista a shekarar 1849. Idan iska ko mai ya shiga bututun da ƙarfi, sai ya nemi miƙewa, wannan ɗan motsin ne ƙananan haƙora suke juya allura da shi. Babu fiyus da zai ƙone, babu wayar da za ta yi tsatsa, wutar da yake buƙata ta ƙwan da ke haska fuskarsa da dare ce kawai. Allurarsa kan zagaya kusan kashi uku cikin huɗu na fuskar agogon, wato digiri 270, saboda haka ana ganin ɗan ƙaramin sauyi. Kuma kusan kullum ya fi araha.

Gejin waya shi kuma hawa biyu ne, kuma rashin sanin haka shi yake jawo masa baƙin jini. Hawan farko shi ne mai sensa mai waya ɗaya, wadda take dogara da jikin inji don cika zagayen wuta, allurarsa kuma ɗan gajeren zango take yi, digiri 90 kacal. Hawa na biyu shi ne mai sensa mai waya uku, wadda agogon yake ba ta wuta bolt 5, ita kuma ta mayar masa da amsa tsakanin bolt 0.5 da 4.5 gwargwadon ƙarfin abin da take aunawa. Allurar wannan ƙaramin injin lantarki ne yake juya ta, tana zagaya fuska sosai kamar ta gejin tiyo, wasu ma lamba suke nunawa kai tsaye. Mafi yawansu suna da ƙararrawa ko fitilar gargaɗi da mai mota zai saita da kansa, kuma suna riƙe lamba mafi girma da aka kai a tafiya. Idan ka ji wani direba a tasha yana cewa gejin waya maƙaryaci ne, ka bincika, galibi da hawan farko ya gamu, kuma galibi wayarin ɗin ne ya lalace ba agogon ba.

Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina zirga-zirga tsakanin Agege da kasuwannin garin nan da irin waɗannan motoci, shi ne kuskure ne mutum ya zaɓi iri ɗaya ya ce shi zai sa wa komai. Tambayar da ta dace ita ce: wannan abin da nake son aunawa, na yarda ya shigo cikin ɗakin mota kusa da ƙafata? Idan iska ce, babu laifi ta shigo ta tiyo. Idan baƙin mai ne mai zafi ko man gas, gara a bar shi a ƙarƙashin bonet, waya ta kawo labarinsa.

Gejin iskar tobo (tobo shi ne famfon da hayaƙi ke juyawa yana cusa wa inji ƙarin iska) shi ne mafi sauƙin hukunci, kuma a nan na tiyo ne ya yi nasara. Iska ce kawai ake ɗebowa daga bututun da ke kai ta cikin inji, idan tiyon ya fita ko ya tsage babu abin da zai zube, sai dai allura ta kwanta a ji ɗan huci. Injunan da muke da su a nan, irin 2KD mai lita 2.5 da 1KD mai lita 3.0 na Toyota, ko 4D56 na Mitsubishi, ko 4JJ1 na Isuzu, iskar tobonsu ba ta cika wuce bar ɗaya da ɗoriya ba, don haka agogon da ya tsaya a bar 2, wato kusan psi 30, ya wadatar. Wanda yake da injin 5L ko 1HZ na Toyota, waɗanda ba su zo da tobo ba, wannan gejin ba nasa ba ne.

Gejin zafin hayaƙi kuwa shi ne wanda nake ganin ya kamata kowane mai motar gas mai ɗaukar kaya ya fara saye, kuma abin mamaki shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Injin gas ba kamar na fetur ba ne. Idan man da nozul ke fesawa ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, zafin cikin silinda yakan hau da sauri ƙwarai, cikin daƙiƙu, alhali ruwan lagireto bai ma san ana yi ba. Ga yadda abin yake faruwa: mota ta ɗauko kaya, ta iske hawa, direba ya ƙi sauke giya, ya danne totur har ƙasa, injin yana gurnani, baƙin hayaƙi yana fita ta salansa. A wannan lokacin allurar ruwa tana zaune daram a tsakiya, amma fistin yana gasuwa. Fistin na alminiyom ne, alminiyom kuma yana narkewa a ma'aunin zafi 660 na Salshiyas. Abin da ke cetonsa shi ne baƙin man da ke sanyaya shi daga ƙasa da kuma sabuwar iskar da ke shigowa a kowane zagaye, shi ya sa hayaƙi zai iya taɓa wannan lambar na ɗan lokaci ba tare da ɓarna ba. Amma ƙa'idar da masu harkar suka fi bi ita ce kada a bari ya daɗe sama da 650 zuwa 700 idan an auna kafin tobo. Maganin kuma a hannun direba yake, ya sassauta ƙafa ko ya sauke giya ɗaya injin ya samu numfashi, zai ga allura tana saukowa a gaban idonsa. Wanda ya taɓa hawa Hawan Kibo da lodi a hanyar Jos, ko ya bi bayan tirela a tuddan da ke tsakanin Ilorin da Jebba yana neman wucewa, zai gane amfanin wannan.

A wannan gejin babu zancen tiyo ko kaɗan, domin ba a jawo hayaƙi mai zafin 600 cikin mota. Abin da ake sokawa a bututun hayaƙi wani ɗan tsinke ne mai ƙarfe iri biyu a haɗe a bakinsa, wanda ake kira nau'in K, kuma idan ya yi zafi da kansa yake haifar da 'yar ƙaramar wuta, wadda ko a zafi mai tsanani ba ta kai kashi ɗaya cikin ashirin na bolt ɗaya ba. Tsofaffin agoguna da wannan 'yar wutar kaɗai suke juya allura, sababbi kuma suna ƙara mata ƙarfi da wutar batir. Saboda ƙanƙantar wutar ne ya sa wayarsa ta musamman ce, kuma idan ta gaza tsawo bai halatta rewaya ya ƙara ta da jar waya ta gama-gari ba, domin lambar da agogo zai nuna za ta kauce. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma mai mota ba zai gane ba sai in yana tsaye lokacin aikin.

Inda aka soka tsinken ma yana sauya lissafi. Idan an sa shi bayan tobo, a bututun da ke gangarawa salansa, aikin ya fi sauƙi, amma hayaƙin ya riga ya huce da maki 100 zuwa 150, wani lokaci fiye da haka idan injin yana shan wuya, don haka mai ganin 550 a nan ya sani cewa a bakin inji ya kai iyaka. Kafin tobo ya fi gaskiya, sai dai huda wurin yana buƙatar kula, domin ɓarɓashin ƙarfen da ya faɗa ciki kai tsaye fukafukan tobo zai nufa. Bakaniken kirki zai kwance bututun ya huda shi a ƙasa, ya wanke, sannan ya mayar. Akwai kuma wata fa'ida ta kullum: bayan doguwar tafiya, maimakon a kashe mota nan take tobo yana jan wuta baƙin mai ya ƙone a cikinsa, sai a bar ta tana aiki a tsaye har allura ta sauko wajen 200 sannan a murɗa makulli.

Gejin baƙin mai shi ne inda gardama take da zafi, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu son na tiyo suna cewa shi ne ba ya ƙarya, kuma gaskiyarsu ne. Duk bakaniken da ya san aikinsa, idan ya yi shakkar fitilar mai, gejin tiyo yake ɗaukowa daga akwatinsa ya ɗaura a jikin inji ya tabbatar. Littafin gyara na Toyota ya ajiye wa injunan gas irin 1HZ ƙa'idar cewa idan inji ya yi zafi, ƙarfin mai kada ya gaza bar 0.3 a tsaye, kuma kada ya gaza bar 2.5 idan yana juyi 3,000 a minti. Mai son ganin bambanci tsakanin rabin bar da bar ɗaya ba zai gan shi a kan ɗan gejin waya mai gajeren zango wanda fuskarsa ta kai bar 10 ba, allurar tana kwance ne kawai a ƙasa. Na tiyo mai bar 7 zai nuna shi sarai.

Amma na ga abin da tiyon ke iya yi. Wata rana muna dawowa daga kasuwar Kara da ke bayan Berger a motar wani dattijo maƙwabcinmu, rana ta take, muna kan doguwar gadar nan motoci sun cushe, sai yaron da ke tuƙi ya ce, “Baba, ƙafata tana jin ɗumi.” Kafin dattijon ya sunkuya, baƙin mai ya jiƙe tabarmar ƙafa, yana tsartuwa siriri daga bayan agogon, warinsa ya cika mota. Farin tiyon roba ne irin wanda yake zuwa a kwali tare da gejin, zafi da shekaru sun busar da shi, ya tsage daidai bakin noti. Dattijon ya ce, “Kashe ta, ɗana, kashe ta yanzu.” Allah ya taimaka a tsaye muke, kuma a ciki ya fashe inda aka gani. Da a ƙarƙashin bonet ya tsage muna gudu a babbar hanya, injin zai yi ta fitar da mansa a titi, watakila ma a kan bututun hayaƙi mai zafi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: siririn tiyon roba mai ɗauke da mai a zafin kusan 100, a jikin injin gas da ba ya daina karkarwa, ranarsa tana zuwa.

Wanda ya nace sai na tiyo, to ya jefar da robar da ta zo a kwali. Bututun tagulla ya fi ta, amma shi ma girgiza tana sa shi ya yi tauri ya karye, sai an yi masa 'yar naɗi kusa da inji don ta shanye motsin. Mafi inganci shi ne tiyo mai saƙar ƙarfe a bayansa, irin wanda masu haɗa tiyon haidurolik suke matse wa baki, kuma a sa roba a ramin da ya ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗakin mota don kada ƙarfe ya riƙa cinsa. Idan aka haɗa kuɗin wannan duka, arahar gejin tiyo ta ragu sosai.

Ni kam a motar da ke yini cikin Legas na fi karkata ga gejin waya mai sensa mai waya uku, kuma babban dalilina ƙararrawa ce. Direban da ke kan gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, idonsa yana kan danfo da ke shigo masa ta dama da wanda ya taka birki a gabansa, ba shi da sukunin kallon allura kowane minti. Ƙarfin mai kuwa idan zai faɗi, cikin ƙiftawar ido yake faɗuwa. Agogon da ya fi kowanne gaskiya ba shi da amfani idan ba a kalle shi a daƙiƙar da ta dace ba, amma ƙara tana shiga kunne ko ina ido yake. Sai dai a kula da abu biyu wajen ɗaurawa. Kada a cire makunnin fitilar mai na kamfani, a sa mahaɗi mai baki uku su zauna tare. Kuma kada a rataya sensa mai nauyi a kan dogon mahaɗin tagulla a jikin inji, girgiza za ta karya shi a gindi. A kai sensar jikin bodi da ɗan gajeren tiyo mai saƙar ƙarfe.

A zafin ruwa, gejin da ba ya amfani da wuta wani siririn bututun ƙarfe ne da aka rufe da wani sinadari a ciki, mai ɗan kwando a baki wanda ake nutsawa cikin ruwan inji. Yana da wata baiwa da nake so: ko an kashe mota yana ci gaba da nunawa, don haka mutum zai ga yadda zafi yake ƙara hawa na 'yan mintuna bayan an tsaya, lokacin da famfon ruwa ya daina juyawa. Aibinsa shi ne bututun ba ya yankuwa, ba ya ƙaruwa, ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Tsawonsa galibi ƙafa 6 ne, ƙasa da mita 2, kuma dole a huda rami mai faɗin da kwandon da notinsa za su wuce. Ranar da yaron gareji ya taka shi ko ya murɗe shi wajen sauya fanbel, gejin ya mutu gaba ɗaya, babu gyara. Na waya kuwa sensa ce ƙarama, idan ta lalace ita kaɗai za a sauya, wayarta kuma tana bin duk lungun da aka ga dama. Idan an sa ta a mahaɗin da ake yanka babban tiyon lagireto a saka, a tuna cewa roba ce ta kewaye ta hagu da dama, don haka sensa mai waya ɗaya ba za ta yi aiki ba sai an ja mata wata wayar zuwa jikin inji.

Akwai wani abu da dukansu biyu suke da rauni a kansa, kuma ya kamata a faɗe shi. Sensar ruwa sai tana cikin ruwa take faɗin gaskiya. Idan tiyon ƙasa ya fashe ruwa ya tsiyaye, sai ta koma tana auna iska ko tururi, allura ma tana iya sauka alhali kan silinda yana gasuwa. Saboda haka ne ake da wata irin sensa mai kama da zobe wadda ake ɗaurewa ƙarƙashin wani noti a jikin kan silinda, tana auna zafin ƙarfen kansa, kuma wannan sai a gidan gejin waya ake samunta. Wanda ya sa gejin kirki zai kuma gane illar ɗabi'ar nan da ta zama ruwan dare a garejojinmu ta cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi. Injin gas an yi shi ne ya yi aiki a zafin 80 zuwa 90 da ɗoriya, wanda aka cire wa tamostat kuwa da safe ko lokacin ruwan sama zai daɗe yana tafiya a sanyaye, yana shan mai yana tara baƙi.

Man gas kada ya shigo ɗakin mota ta tiyo, ko da wane dalili. Idan ana son sanin ko tacin mai ya toshe, wanda a nan ba baƙon abu ba ne saboda gurɓataccen gas da ruwan da ke taruwa a tanki, sensa da waya ne hanya. Ɓangaren da ke bayan babban famfo a injunan zamani kuwa, inda ƙarfin mai yake kaiwa daga bar 1,300 har sama da 2,000, ba wurin ɗaura komai ba ne, domin man da ya tsartu da wannan ƙarfin yana huda fatar mutum. Ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ta riga ta san lambar, daga wurinta ake karantawa. Mota mai giya otomatik da ke jan kaya cikin cunkoso ita ma tana son gejin zafin man giya, na waya, domin man yana saurin lalacewa idan ya riƙa wuce 120.

Zancen ƙwaƙwalwar mota ya kawo mu ga hanya ta uku. Motocin da suke da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari ana iya soka musu allo irin ScanGauge, ko 'yar na'urar ELM327 da ke aika wa wayar hannu bayani ta manhaja irin Torque. Babu huji, babu yanka waya, kuma za a ga ainihin zafin ruwa da ƙarfin batir da iskar tobo. Iyakarta ita ce abin da motar ta sani shi kaɗai za ta faɗa. Yawancin waɗannan motoci makunni kawai suke da shi a baƙin mai, ba sensa ba, da yawa kuma ba su da tsinken zafin hayaƙi kafin tobo, wato abubuwa biyun da suka fi kashe inji su ne ba za a gani ba. Soket ɗin kuma da wuta a jikinsa ko an zare makulli, don haka na'ura mai arha da aka bari a soke tana iya shanye batir idan mota ta kwana biyu a ajiye.

Dole in yi wa gejin waya adalci ta ɗaya gefen, domin Legas ba ta tausaya wa waya. Iskar garin nan da danshi take da gishirin teku, daga Afrilu zuwa Yuli ga ruwan sama, mota ta kutsa cikin ambaliya a Lekki ko Apapa, sannan a kai ta wurin wanki a feshe inji da ruwa mai ƙarfi. Duk mahaɗin wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin tef, kafin damina biyu ya yi kore. Gejin waya mai sensa mai waya ɗaya da zarar tsatsa ta shiga tsakaninsa da jikin inji sai ya fara nuna abin da babu, alamar kuma ita ce a kunna fitilun gaba ko na'urar sanyaya mota a ga allurar zafi ta motsa. Haka nan idan aka cika wa haƙoran sensar farin tef na masu famfo, an raba ta da jikin injin ke nan. Saboda haka ingancin gejin waya a hannun rewaya yake: ya yi dalma, ya sa robar da ke matsewa da zafi, ya ɗauko wuta daga layin da ke mutuwa da makulli ta fiyus nata, ya ɗaure wayar da ke komawa jikin ƙarfe a wuri mai tsabta. Wanda ba shi da irin wannan rewaya, kuma motarsa tsohuwar Land Cruiser ce mai 1HZ da ke shiga dazuzzuka ɗauko gawayi ko dabbobi, inda babu mai gyaran wuta kusa, ba zan ga laifinsa ba idan ya zaɓi gejin tiyo a ruwa da mai, muddin tiyon man mai saƙar ƙarfe ne.

A wurin saye akwai tarkuna da suke kama mutane ko wane iri suka zaɓa. Na farko haƙoran mahaɗi ne. Motocin Japan galibi ramin makunnin mansu yana da haƙora 28 a inci, tsarin Ingila, kayan Amurka irin AutoMeter da ISSPRO kuma suna zuwa da 27 a inci. Da ido kamar ɗaya ne, zai ma shiga zagaye biyu ko uku, sannan ya cije, wanda ya tilasta shi kuwa ya ɓata ramin da ke jikin inji. Mahaɗin da ke sasanta su ƙaramin abu ne, a nema tun a shago. Na biyu, agogo da sensarsa 'yan gida ɗaya ne. Sensar mai ta VDO, kamfanin Jamus, juriyarta tana hawa ne daga om 10 zuwa wajen 180, ta tsarin Amurka kuma sauka take daga 240 zuwa 33, don haka idan aka haɗa agogon wannan da sensar wancan allura za ta iya tafiya a juye. Na uku, a duba bayan agogon, domin kasuwa cike take da na tirela masu bolt 24, a-kori-kura kuwa 12 take. Sunan da ke kan kwali ma ba hujja ba ne, jabu suna da yawa, kuma araha ba ta ado.

Gwajin gejin zafi kafin a ɗaura ba ya cin ko kwabo. Legas a bakin teku take, ruwa yana tafasa a 100 cif. Na taɓa zama a bencin mai shayi a Agege da sabon geji a hannu, na ce, “Malam, don Allah ara mini butarka minti biyu.” Muka jona agogon da batir, muka ɗaure wayar komawa a jikin sensar, muka zura bakinta cikin ruwan da ke tafasa, allura ta hau a hankali ta tsaya a 92. Maki 8 ke nan na ƙarya, kuma ta ɓangaren da ya fi haɗari, domin zai riƙa kwantar wa direba hankali alhali injin ya fi haka zafi. Washegari na mayar da shi aka sauya mini, na biyun ya tsaya a kan 100. Gejin mai kuma ana gwada shi ne da na bakanike, a ɗaura su tare a inji mai zafi a ga ko bakinsu ya zo ɗaya.

Wanda kuɗinsa bai kai ya sa duka a lokaci guda ba, ya fara da zafin hayaƙi idan motar tana ɗaukar lodi zuwa nesa, ko da zafin ruwa mai ƙararrawa idan rayuwarta a cunkoson cikin gari take, sannan baƙin mai, iskar tobo kuma ta zo daga baya da ɗan gejin tiyonta mai arha. Agogo mai faɗin milimita 52 shi ne aka fi samu, kuma mazauninsa ya fi kyau a kan dashbod dab da layin ido, ba can ƙasa kusa da giya ba, kuma ba a jikin ginshiƙin gilashi ba idan motar tana da jakar iska a wurin. A makon farko mai mota ya rubuta lambobin da yake gani lokacin da injin yake lafiya, da safe, da cikin cunkoso, da kan babbar hanya da kaya, ya manna takardar inda direba zai gan ta, sannan ya saita ƙararrawa kaɗan sama da waɗannan lambobin a zafi, kaɗan ƙasa da su a baƙin mai.